Kajin Shafin Ƙarshe

Ranar Alhamis, ƙarfe goma sha ɗaya saura kwata na safe, motar maɗaba'a ta sauke katan huɗu na sabon littafi a ƙofar shagon. Malam Na-Karanta yana zaune a kujerarsa, wadda ke daidai tsakanin taga da fanka. Bai taɓa ko katan ɗaya ba, amma ya ba da umarni sosai kan yadda za a ɗauke su.

Shagon na ƙanwarsa ne. Ɗan ƙaramin shagon littattafai ne mai kantoci shida da teburi ɗaya, tela a damansa, mai gyaran waya a hagunsa. Tun da Malam ya yi ritaya daga ofishin ajiye fayil shekara uku da suka wuce, ya ɗauko kujerar nan daga gida, ya kafa ta, ya naɗa kansa mai ba masu saye shawara. Sunan kuwa tela ne ya raɗa masa, domin duk littafin da aka ambata, ko jiya aka buga shi, ko ma mai shi bai gama rubutawa ba, Malam zai lumshe ido ya ce, "Na karanta."

Yana da hanyarsa, kuma ba ya ɓoye ta ga wanda ya yarda da shi.

"Littafi kamar kifi ne a kasuwa," yakan ce wa tela. "Ka duba kai, ka duba wutsiya, ka shinshina, ka gama. Shafin farko, bayan bango, shafin ƙarshe. Masu bi layi-layi rashin aikin yi ne ke damunsu."

"Haka ka riƙa yi wa fayilolin mutane a ofis?" in ji tela.

"Kai dai ja zarenka."

Da wannan hanya ce a watan jiya wata mata ta zo neman abin da za ta kai wa mahaifiyarta da ke kwance a asibiti, Malam ya zaɓa mata wani littafi mai hoton lambu a bango, ya ce yana kwantar da hankali ƙwarai. Littafin koyon rubuta wasiyya ne. Matar ta dawo da shi washegari tare da yayyenta biyu.

Don haka da Malam ya ji cewa ranar Asabar marubuciyar sabon littafin za ta zo ta karanta wa jama'a wani ɓangare, ya kuma ce shi zai gabatar da ita, sai ƙanwarsa ta ajiye biro, ta cire tabarau, ta dube shi.

"Yaya, minti biyu. Ka yi wa mutane sannu da zuwa, ka ce ga marubuciya, ka zauna."

"Auta, ni za ki koya wa magana a taro? Ina jawabi a gaban daraktoci kina tsotsar yatsa."

"Na ji. In ka yi shi lafiya, kai ne mai gabatarwa duk wata, har sunanka zan sa a allon ƙofa. In kuma aka maimaita irin ta mai wasiyya, wallahi kujerar nan ta bar bakin tagar nan. Na gaji da ba mutane haƙuri."

Malam ya dubi fanka, ya dubi taga. A gida ba fanka mai irin wannan iska, ga uwargida da jerin gyare-gyaren da take jira ya yi tun ranar da ya ajiye aiki. Ya ce, "Ki fara neman mai rubuta allo."

Da la'asar, ƙanwar ta fita, Malam ya tashi neman kwafinsa. Sunan littafin *Gidan da Aka Raba Uku*. Akwai su jere a kan teburi, amma idonsa ya faɗa kan wani katan a ƙarƙashin kanta, an rubuta masa da jan biro: KADA A TAƁA. Nan take ya gane. Waɗannan su ne na manyan baƙi, kuma gargaɗin na gama-garin mutane ne. Ya zari ɗaya.

Abin da bai sani ba shi ne, ƙanwarsa ta buɗe katan na farko ta tarar an yi kuskure wajen ɗinke shafukan littafin. A wasu kwafin, shafuka goma sha shida na ƙarshe na wani littafi ne dabam da maɗaba'ar ke bugawa a mako guda, jagorar kiwon kaji. Waɗanda ta gano su ne ta ware, za ta mayar.

Malam ya duba kai. Wani attajiri ya mutu, takardar gidansa ta ɓace. Ya duba bayan bango: hoton wata mace doguwa mai tabarau, da yabo daga wasu farfesoshi. Ya juya wutsiya, ya karanta:

"Idan ka ga ɗaya ta ware gefe, ta sauke fukafukai, ta daina ci, to raba ta da sauran nan take. Ka wanke mazubin ruwa kowace safiya. Mai haƙuri da tsafta shi ke kwasar ƙwai."

Ya rufe littafin a hankali. Ya daɗe bai ga zurfi irin wannan ba.

Al'adar shagon ce duk sabon littafi a rubuta masa ɗan kati da hannu, a jingina a gabansa, a faɗi dalilin da zai sa mutum ya saya. Malam ya yanko kwali, ya rubuta da manyan baƙaƙe: "Duk mai neman sirrin zaman duniya ya daure har ƙarshe, inda kaji suka shigo. Na karanta." Ya ɓoye shi a aljihu sai ranar taro.

Ranar Asabar ƙarfe biyu da rabi ƙanwar ta tafi tasha ɗauko marubuciya. Kafin ta fita ta ɗaga masa yatsu biyu. Ya ɗaga mata hannu kamar mai korar ƙuda.

Tana ba da baya ya shiga aiki. Ya ga littattafan kan teburi sun yi kaɗan, ba su cika ido ba, sai ya jawo katan ɗin nan ya juye duka, ya cakuɗa da sauran, ya yi musu gini kamar dala. Ya kafa katinsa a gaba. Ya aro lasifika wurin mai gyaran waya, ko da yake daga ƙofar shagon zuwa bangon baya taku tara ne. Da bai samu inda zai ɗora ta ba, sai ya kife katan ɗin da ya zazzage, ya aza ta a kai.

"Gwaji, gwaji," in ji Malam. Lasifika ta ƙwalla wata ƙara da ta sa tela ya soke yatsa.

Tela ya leƙo yana tsotsar jini. "Malam, gobara ce ko sanarwar rasuwa?"

"Adabi ne. Ba ka san shi ba."

Wajen ƙarfe uku da kwata wata tasi ta tsaya, wata 'yar dattijuwa gajera ta fito, da silifas da wata tsohuwar jaka a kafaɗa. Ta yi sallama, ta tsaya tana kallon dalar littattafai.

"Baiwar Allah, taro sai ƙarfe huɗu," in ji Malam. "Amma tunda kin yi sammako, kama min kujerun nan. Biyar-biyar za ki jera, ki bar hanya a tsakiya saboda marubuciya."

Matar ta dube shi, ta ajiye jaka, ta fara jera kujeru.

"Kin san ta kuwa?" ya tambaya daga kujerarsa.

"Sama-sama."

"Ni mun saba ƙwarai. Doguwa ce, mai tabarau. Ba ta sakin littafi sai ta ji ta bakina. Ƙarshen wannan ma, in gaya miki gaskiya, akwai hannuna a ciki."

"Ikon Allah. Wane ɓangare?"

"Ba zan ɓata miki daɗin ba. Ki dai lura da kajin."

Matar ta tsaya da kujera a hannu. "Kaji?"

"Kin gani? Shi ya sa nake cewa karatu ba na kowa ba ne. Waccan ta karkace, gyara ta."

Ta gyara.

Mutane suka fara shigowa: ɗaliban jami'a, ma'aikatan asibiti biyu da kayan aikinsu, wani akawu da matarsa, da masu wucewa da ƙarar lasifika ta jawo. Malam ya tsaya a bakin teburi yana miƙa littafi yana nuna kati. Kafin ƙarfe huɗu dalar ta ragu da rabi. Ya ji a ransa cewa allon ƙofa ma ya yi masa kaɗan.

Sai waya ta yi ƙara. Ƙanwarsa ce.

"Yaya, motarsu ta iso tun ɗazu, ban gan ta ba, wayarta kuma a kashe. Ka riƙe mutane, amma don girman Allah kada ka fara komai."

"Kwantar da hankalinki. Komai yana hannuna."

"Abin da nake tsoro ke nan."

Yana ajiye wayar wata tsohuwar shugabar makaranta ta shigo da sandarta. Ita ce mai sayen littafi ta farko a shagon duk mako, kuma tun ranar Alhamis ta sayi nata ta cinye shi. Tana ɗaga ido ta hango 'yar dattijuwar nan tana goge kujerar ƙarshe da gefen mayafi. Ta saki salati.

"Hajiya! Ke da kanki? Wa ya sa ki wannan aiki?"

"Wancan bawan Allah," in ji marubuciya. "Ya ce mun saba ƙwarai."

Malam ya dubi bayan littafi, ya dubi matar, ya sake duban bayan littafi.

"Hoton ya kai shekara ashirin," in ji ta. "Kuma a kan matakala na tsaya."

Da wani ne, a nan zai nemi ƙasa ta tsage. Malam gyaran murya ya yi.

"Jama'a, kun dai gani da idonku. Tun shigowarta na gane ta. Na so ne in nuna wa yaran zamani abin da ake kira tawali'u. A tafa mata!"

Aka tafa, tela ya fi kowa, har da buga ƙafa.

Tunda ga marubuciya ga jama'a, Malam bai ga dalilin jiran kowa ba. Ya zaunar da ita, ya ɗauki makirfo. Ya fara da tarihin takarda. Ya gangaro kan yadda ya fara karatu tun bai iya tafiya ba. Ya ratsa ta ofishin fayil, inda ya ce wani darakta ya taɓa kuka saboda daɗin wata wasiƙa da ya rubuta. Minti biyu suka wuce, goma suka bi su. Wata ma'aikaciyar asibiti ta fara gyangyaɗi. A minti na ashirin da biyar ya iso kan littafin.

"Marubuta da yawa sun yi rubutu kan gado," in ji shi. "Amma wa ya taɓa tunanin rufe labarin gado da kaji? Wa? Ku duba hikima. Kaza ɗaya ta ware gefe. Wace ce wannan kazar? Ni ce. Kai ne. Mu duka ne!"

"Ni dai ba ni ba ce," in ji matar akawu.

Shugabar makaranta ta buga sanda a ƙasa. "Malam, wace kaza? Na karanta littafin nan daga bango zuwa bango, ban ga ko gashin kaza ba."

"Malama, akwai karatu da ido, akwai karatu da basira."

"Shekara talatin da biyar ina koyar da karatu."

"To ai ga sakamakon muna gani a gari."

Ɗalibai suka ce "Kai!" Shugabar ta yunƙura za ta tashi, akawu ya ba ta haƙuri. Malam ya juya ga marubuciya da murmushin wanda ke da babban mashaidi.

"Hajiya, raba mu. Gaya musu abin da kike nufi da mazubin ruwa."

Marubuciya ta karɓi makirfo. "Malam, a littafina akwai akuya guda ɗaya a babi na uku. Ita ma wucewa ta yi."

"Kun ji tawali'un da nake faɗa? Manyan marubuta haka suke, sukan rubuta abin da su kansu ba su san zurfinsa ba. Bari in tuna miki."

Ya zaro kwafinsa daga aljihun riga, ya buɗe ƙarshe, ya dafa ƙirji da hannu ɗaya. Ya karanta da irin muryar da ake karanta ta'aziyyar babban mutum. Da ya ga an yi shiru, sai ya ɗauka ya kama zukata, ya koma shafin da ya gabace shi don ya ƙara musu.

"A mako na shida, a rage dusa, a ƙara masara. Idan kashinsu ya yi ruwa-ruwa, ko ya yi kore..."

Ya tsaya. Ya kawo littafin kusa da ido.

"Ci gaba, Malam," in ji tela daga bakin ƙofa. "Mu ne masu koren kashin, ko kai kaɗai ne?"

Dariya ta ɓarke har mai gyangyaɗi ta farka tana tambayar me ya faru. Marubuciya ta miƙa hannu ta karɓi littafin, ta juya shafuka baya, ta tsaya a wani wuri.

"Nan labarina ya tsaya, a tsakiyar jimla. Ana shirin buɗe akwatin marigayi. Daga nan kuma sai yadda ake gina akurki."

Nan fa kowa ya buɗe nasa. Ba ka jin komai sai ƙarar takarda.

"Nawa lafiya lau."

"Nawa kaji ne!"

"Ni har da jadawalin allurar rigakafi."

"To wa ya ɓoye takardar gidan?" in ji akawu. "Ni don wannan na saya."

"Tambayi zakara," in ji matarsa.

Malam ya ɗaga hannuwa biyu. "Jama'a, ku natsu. Wannan sabon salo ne. A ƙasashen da suka ci gaba, littafi ɗaya yakan zo da ƙarshe iri biyu, kowa da rabonsa."

A daidai nan ƙanwarsa ta shigo, tana gumi, mayafi a hannu. Ta ga marubuciya a zaune, ta yi ajiyar zuciya. Sai ta ga mutane tsaye suna kaɗa littattafai. Sai ta ga lasifika, ta ga abin da ke ƙarƙashinta: katan a kife, jan rubutun KADA A TAƁA yana kallon jama'a, ƙafa a sama.

"Yaya."

"Auta, kafin ki ce komai..."

"Yaya, me aka rubuta a jikin katan ɗin can?"

"Ai a juye yake."

"Ranar Alhamis ma a juye yake?"

Malam ya ga abin yana neman fin ƙarfinsa, ya koma ga makaminsa na ƙarshe. "Kuskuren maɗaba'a ne, kowa ya gani. Shafi goma sha shida kacal. Sauran ɗari biyu da ɗoriya kuwa na karanta su tsaf, na san su kamar yunwar cikina."

"Madalla," in ji marubuciya. Har yanzu makirfo na hannunta, kuma muryarta a sanyaye take. "To Malam, taimaka wa waɗanda ba su karanta ba. 'Ya'yan marigayin su nawa ne?"

Malam ya saci kallon bangon littafin. Allah ya kawo sauƙi, amsa tana nan ɓaro-ɓaro.

"Uku mana! Gida uku, 'ya'ya uku. Wannan ai ko tela ya sani."

"Kada ka sa ni a ciki," in ji tela.

"Huɗu ne," in ji shugabar makaranta, tana kiran kowace kalma dalla-dalla kamar mai ba da shifta. "Ta huɗun aka hana rabonta. Ita ce ke ba da labarin tun daga shafi na biyu."

"Shafi na biyu," in ji mai gyaran waya, wanda ya zo karɓar lasifikarsa. "Ashe ko kwana ba ka sha ba, Malam."

Malam ya ja da baya. Ya laluba bayansa zai zauna a kujerarsa, ya tarar wata ɗaliba ta riga shi, ta baje a gaban fanka tana duba shafinta na ƙarshe. Ya tsaya a tsaye, a jikin kantar ƙamus.

Ƙanwar ta ba jama'a haƙuri, ta bi kujera-kujera tana karɓar masu kaji tana musanyawa. Mutum uku suka ƙi bayar da nasu. Akawu ya ce matarsa ta daɗe tana son fara kiwo, ya ƙara sayen lafiyayye ɗaya. Marubuciya ta ari kwafin shugabar makaranta ta karanta babi na huɗu, ba lasifika, aka ji ta har bakin titi. Bayan an gama ta sa hannu a littattafai. Da ta zo kan na Malam, wanda ƙanwarsa ta tura masa ya kai, ta rubuta wani abu ta miƙa masa. Ya buɗe. Ta rubuta: "A fara daga shafi na biyu."

Ranar Litinin ƙarfe takwas na safe tela da mai gyaran waya suka ɗauki kujerar Malam suka kai ta sito, ɗakin baya da ba taga ba fanka. Ƙanwar ta tara masa ragowar katan uku da ba a buɗe ba, ta ce ya duba kowane kwafi shafi-shafi kafin ya hau kanta. Ya gama ranar Laraba da la'asar, ya samu tara masu kaji.

A bakin taga aka kafa kantar sababbin littattafai. Taron wata mai zuwa tela ne ya yi gabatarwa. Ya yi wa mutane sannu da zuwa, ya ce ga marubuci, ya zauna.